Jijiya ta Tara

Mahaifina ya fi shekara talatin a tsaye gaban wuta. Agashe yake gasawa a kasuwar Suk al-Shabi, daga la'asar har kasuwa ta watse, kuma ban taɓa ganin kujera a rumfarsa ba sai ta masu saye. Kakansa ne ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya ya da zango a Sudan, zangon ya zama gida. Mu da muka taso a unguwar Hajj Yusuf ta Khartoum Hausarmu rabinta Larabci ce. Ni Yaba nake ce masa, shi kuma Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Tsayuwar nan ce ta ci masa ƙafar hagu. Da farko jijiyoyin ƙwaurinsa suka kumbura suka murɗe, yana dariya yana cewa taswirar kogin Nilu ce aka zana masa kyauta. Daga baya fatar saman idon sawu ta yi baƙi, ta fashe, ta zama gyambo. Wata shida muna wankewa muna ɗaurewa, gyambon sai ƙara faɗi yake.

Likitar da ta duba shi mace ce mai gajeren bayani. Ta nuna mana a hoton na'ura cewa babbar jijiyar da ke mayar da jini sama ta saki, jinin yana gangarowa yana taruwa a ƙasa, shi ya sa ciwon ya ƙi rufewa. Maganin shi ne a toshe jijiyar gaba ɗaya, jini ya bi ta wasu. A da yankawa ake yi a zare ta, amma Yaba yana da ciwon sukari, kuma ta ce ba za ta buɗe sababbin raunuka a ƙafar da ta kasa warkar da guda ɗaya ba. Ɗaya hanyar ita ce leza: a zura siririn zaren gilashi cikin jijiyar, a sako haske mai zafi ta cikinsa, a riƙa janyo shi sannu a hankali har bangon jijiyar ya dahu ya tsuke. Na'urar tana nan a asibitin. Zaren da ya dace ne ya daina zuwa daga waje, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa.

"Wanda ya rage mana mai yankakken baki ne," in ji ta. "Gaba kawai yake harbi. Jijiyarsa mai faɗi ce, ga ta dab da fata. Huda ta zan yi, in ƙona shi."

Na ce in aka jira fa? Ta dubi Yaba, ta dube ni, ta ce in gyambon ya kai ga ƙashi, maganar da za ta rage ita ce ta yanke ƙafa.

To, ni kuwa hasken nan shi ne sana'ata. Ilimin haske na karanta, kuma a lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaji a Khartoum, ina aunawa ina gyara na'urorin leza. Taurin kaina kowa a gidanmu ya shaida shi. Ba mu kai ƙofar asibiti ba na bar Yaba a kan benci, na koma ofishinta na ce zan ƙera bakin zaren da hannuna. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ajiye alƙalami ta ce in kawo mata jijiyar dabba goma a jere, kowace ta dahu daidai a zagaye, ba huda ba ƙuna. In na kawo, za ta kai maganar gaban kwamitin asibiti, wanda sau ɗaya yake zama a wata.

Dabarar a takarda ba ta da wuya. Zaren bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, haske yana gudu a cikinsa har ya fita ta baki. In bakin a yanke yake shafal, sai hasken ya wuce gaba. In kuwa aka fere shi ya yi tsini kamar fensir, sai hasken ya bugi gangaren daga ciki ya karkace, ya fita ta gefe a zagaye, zobe guda, ya taɓa bangon jijiya ko'ina daidai. Wahalar tana wajen ferewar. Na cire injin tsohon keken ɗinkin mahaifiyata na ɗaura shi a kan katako don ya riƙa juya zaren, ni kuma ina kara masa samfefa, daga mai kaushi zuwa wadda ta fi takarda laushi. Hannu ya ɗan karkace, zoben ya fito da gefe ɗaya mai kauri. Wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, a koma farko. Na karya zare har na daina jin haushi.

Jijiyoyin gwaji Yaba ne ya ɗauki nauyinsu. Yana da aboki mahauci a Omdurman wanda yake sayen nama a hannunsa tun kafin a haife ni. Shi yake zare masa jijiyar ƙafar shanu, Yaba ya kawo gida ya wanke ta sau uku, ya tatse ta tas, ya naɗe a leda. Mutum ne da ba ya yarda ɗigon jini ya rage a namansa, kuma yana alfahari da haka. Ni ma in na buɗe ledar a wurin aiki daɗi nake ji, fara sol, ba ƙarni.

In na gasa su da leza sai in dawo da su gida da azahar, kafin ya fita kasuwa. Ina da madubin ƙara girma a ofis, amma babban yatsan Yaba ya fi shi gaskiya. Zai tsaga jijiyar da wuƙa, ya shimfiɗa a faranti, ya bi ta da yatsa ido a rufe.

"Nan ɗanye ne. Nan kuma kin ƙona. Uwata, wannan ko kyauta ba zan ba mutum ba."

Haka muka yi wajen wata biyu. Ranar da ya bi jijiya daga farko har ƙarshe bai sami abin kushewa ba, sai da na yi guɗa, mahaifiyata ta leƙo daga madafa tana tambayar wa ya haihu. Na samu biyar a jere. Ina ta lissafin ranar zaman kwamiti, shi kuwa yana jujjuya ta biyar ɗin a hannu.

"Kwayyis," ya ce, "ta yi kyau. Amma ni ai ba a yanka ni ba."

Na ce me yake nufi.

"Waɗannan duk an tsiyaye musu jini, ni na wanke su da hannuna. Tawa cike take. Naman da jini ya kwanta a cikinsa ba ya gasuwa irin na sauran. Baƙi yake yi a waje, yana tartsatsi, cikinsa ɗanye."

Na ji kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce masa leza ba gawayi ba ce, ya bar wa masu abin abinsu. Fushin nawa kuwa don na san ya yi gaskiya ne. Ni da na yi shekaru ina karanta yadda haske ke ratsa abubuwa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina batun jini ba, don tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin nama da jininsa a ciki ba. A wajenmu nama shi ne wanda aka yanka aka tsiyaye. Washegari na tsoma tsinin a kofin ruwa na kunna. Zoben ya ɓace, hasken ya miƙe gaba abinsa. Gangaren nan ba ya karkatar da haske sai in akwai iska a bayansa. Da ya jiƙe, aikina na wata biyu ya tashi a banza.

Saura in ga abin da jini zai yi, kuma jinin da nake bukata ba na cokali ba ne. Ma'ajiyar jinin asibiti ko masu haihuwa ba ta isa, ban ma kai bakina can ba. Wuri ɗaya ne a garin nan ake zubar da jini kamar ruwan wanki. Da na faɗa wa Yaba, sai ya ce in shirya bayan sallar asuba.

Mun hau mota biyu muka tsallaka gada zuwa Omdurman, yana ɗingishi, ni ina rungume da galan da na zuba wa maganin hana jini daskarewa. A mayanka abokinsa ya tare mu da fara'a, har ya aika a kawo shayi. Da Yaba ya faɗi abin da ya kawo mu, fara'ar ta tsaya.

"Jini? Ya ɗan'uwana, najasa fa. Me za ka yi da shi?"

Yaba ya yi bayani iyakar iyawarsa, na ƙara nawa. Masu fiɗa suka dakata da wuƙaƙe suna saurare. Wani daga baya ya ce da ƙarfi, don mu ji, in ka ga Fallata da galan a mayanka, to aikin malaman tsibbu ne. Fallata shi ne sunan da suke kiranmu da shi, kuma sun daɗe suna jingina mana asiri. Aka yi dariya. Na buɗe baki zan mayar masa, don ba a barina da bashin magana, Yaba ya riƙe mini hannu. Sai ya sunkuya ya kwance bandejin ƙafarsa a gaban kowa. Ban taɓa ganin ya nuna wa wani bare gyambon nan ba, ko ƙannensa ba su gan shi ba.

"Ga tsibbun," ya ce.

Ba wanda ya sake dariya. Abokin nasa ya karɓi galan ɗin da kansa, ya tara a wuyan san da aka kayar, ya miƙo mini yana kau da kai. Amma magana ta riga ta fita. Kafin mako ya zagayo ta tsallaka kogi ta isa Suk al-Shabi, wai mai agashe yana zuba jini a yajinsa don ya kama masu saye. Wasu da suka shekara goma suna cin namansa suka koma rumfar gaba. Na yi kuka don baƙin ciki, na ce zan je kasuwar in yi musu bayani ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in zauna in yi aikina, ƙafarsa ce, sunansa ne, shi ya san wanda ya fi bukata a cikinsu.

Jinin ya nuna mini abin da ya fi na ruwa muni. Da na cika jijiya da shi na kunna, sai ya dahu a kan tsinin ya zama baƙin ɓawo, ɓawon ya yi zafi kamar garwashi, na ji ƙara tas, ga huda a bango. Da a ƙafar Yaba ne, da na ƙona shi da hannuna.

Mafita ita ce a yi wa tsinin hula. Na samo siraran bututun gilashi masu jure zafi, in narka baki ɗaya ya rufe ya yi santsi, in zura tsinin a ciki, in liƙe gindin da harshen wuta. Ta haka iskar da ke cikin hular za ta tsare gangaren a bushe, jini kuma ba zai taɓa tsinin ba. Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Wuta ta yi yawa, tsinin da na yini ina ferewa ya narke ya dunƙule. Ta yi kaɗan, jini ya sulale ciki. Yatsuna duk suka yi tabo. Sau biyu a mako muna tsallaka gada da galan, ni da Yaba, don ya ƙi yarda in shiga mayanka ni kaɗai, ga shi tafiyar tana ƙara masa kumburi.

Sannu a hankali abin ya zauna. Jijiya cike da jini, zobe ja yana tafiya a cikinta, tana tsukewa a bayansa. Ɗaya, biyu, uku, yatsan Yaba yana wucewa ba ya tsayawa. Na kai takwas saura kwana biyu kwamiti ya zauna. A lokacin gyambon ya fara wari, kuma na lura Yaba ya daina cin abincin kirki.

Ta tara ta fi duk sauran kyau. Na tsaga ta da kaina na ga ta dahu daidai. Sai da na zo wanke zaren, na sa shi a ƙarƙashin madubi kamar yadda na saba, na ga tsaga a gindin hular, siririya, ba ta kai gashi ba. Hular ba ta cire ba. Jini bai shiga ba. Amma ta tsage, kuma abin da ya tsage a faranti yana iya karyewa a cikin mutum, ya bar masa gilashi a jijiya.

Ba wanda ya gani sai ni. Likitar jijiya goma ta ce in kawo, ba ta ce in kawo hula ba. Na zauna a kan kujerata na fi awa, ina gaya wa kaina cewa wanda za a sa wa Yaba sabo ne, ba wannan ba. Amma hannun da ya yi wannan shi zai yi wancan, kuma ban san dalilin tsagewar ba.

A gida ya bi ta da yatsa, ya buɗe ido yana murmushi, ya ce saura ɗaya. Na gaya masa. Ya tambaye ni ko jijiyar ta lalace, na ce a'a. Ya tambaya ko likita za ta gane, na ce a'a. Ya tambaya in na koma farko sai yaushe, na ce sai zaman wata mai zuwa.

"Uwata," ya ce, "ki ƙirga ta."

Mutumin nan ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Ko ruwa yake so, tashi yake ya ɗebo.

"Ba na barci," ya ce. "Wallahi na gaji. Na yarda, ni na ce. In wani abu ya faru ba ruwanki. Ki ƙirga ta."

Na ce, "Yaba, ba zan ƙirga ba."

Mahaifiyata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini wace irin zuciya gare ni. Shi kuwa ya miƙe. Ya jawo takalminsa ya sa a ƙafa ɗaya, ɗayar ya tura ta cikin silifa, ya tafi kasuwa. Kwana huɗu ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa. A rana ta biyar na fito da asuba da galan zan tafi ni kaɗai, na tarar da shi a ƙofar gida yana jirana.

Na gano laifin a mako na biyu. Ina daɗewa da wuta a wajen liƙin, gilashin yana sirancewa a wurin. Na rage lokacin, na kuma ƙara wa kaina sharaɗin da ba wanda ya sa mini: kowace hula sai na rataya mata nauyi na ja, na tsoma ta a ruwan zafi da na sanyi, kafin ta shiga jijiya da bayan ta fito. Na koma ɗaya. Na kai goma, na ƙara biyu don kaina. Na kai wa likitar jijiyoyin da hulunan duka, har da mai tsagar, na gaya mata abin da ya faru. Ta daɗe tana kallonta a madubi. Ba ta yabe ni ba, ta dai ɗauki wannan ɗin ta sa a gaban takardun da za ta kai wa kwamiti.

An yi aikin wata safiya. Ba a sa shi barci ba, ƙafar kawai aka kashe. An bar ni na tsaya wajen na'urar. Da aka rage fitila, ina hango ɗan jan haske ta cikin fatarsa yana gangarowa daga cinya a hankali, likitar tana janye zaren. Can sai Yaba ya ce yana jin ƙauri a maƙogwaronsa, wa ya bar nama a wuta? Ma'aikatan suka fashe da dariya, likitar ta ce kowa haka yake ji. Ni ban yi dariya ba sai da aka zaro zaren na duba hular na gan ta lafiya. Daga nan na zauna a ƙasa.

Jijiyar ta toshe. Kumburin ya sauka, warin ya tafi, gyambon ya fara tsukewa daga gefe. Bayan wata uku na cire bandeji wata safiya na tarar da shi a bushe. Ba a yanke ƙafar ba. Ya koma rumfarsa, masu saye ma yawancinsu suka dawo, don ba a daɗe ana fushi da agashe mai daɗi.

Sai dai a cikin watan nan da na ƙara masa, gyambon ya ci ƙasa har ya taɓa jijiyoyin da ke motsa sawu. Da ya warke, wurin ya ƙandare. Idon sawun ba ya lanƙwasuwa. Na tambayi likitar ko da an yi aikin a wancan watan da hakan bai faru ba. Ta ce ba wanda zai iya sani. Na sake tambayarta, ta ce mai yiwuwa.

Yaba bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa, shi da ba abin da ya fi so irin ya tsokane ni. Da ya yi mini gori sau ɗaya, ina jin da na samu sauƙi. Na sha juya abin a raina, kuma kullum wuri ɗaya nake tsayawa: da za a mayar da ni ranar nan, ya sake kallona ya ce in ƙirga, a'a zan sake ce masa.

Amma shi ke jan mu salla a gida, mu mata muna bayansa. In aka zo zaman tahiya, kowa ya naɗe ƙafarsa ya zauna a kai, shi sai ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya ja ta hagun a hankali ya miƙar da ita gefe. Daidai gabana take zuwa. Sau biyar a rana nake ganinta, kuma ban taɓa canza wurin tsayuwata ba.